Malam Ibrahim Shekarau: Babban Sakataren da Ya Zama Gwamnan Kano

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, ban daɗe da kama aiki ba. Ina yawan jin manya a ɗakin malamai suna cewa Malam Ibrahim Shekarau daga aji ya taso har ya zama babban sakatare, daga baya gwamna. Yaya tafiyar ta kasance? Kuma da gaske ne wanda ya goge a aikin gwamnati ya fi iya riƙe jiha?

Amsa: Malam, manyan naka gaskiya suka faɗa maka. Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, amma ba za ta amsu ba sai an bi ta farkon daki-daki, domin abin da mutumin nan ya yi a gidan gwamnati, mai kyau da marar kyau, kusan duk daga shekarunsa na aikin gwamnati ya taho da shi.

An haife shi ranar 5 ga Nuwamba 1955 a unguwar Kurmawa cikin birnin Kano, mahaifinsa ɗan sanda ne. Ya yi firamare a Gidan Makama, ya wuce Kwalejin Kasuwanci ta Kano wadda yanzu take ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya kammala digirin lissafi da koyarwa a 1977. Bayan bautar ƙasa ya kama aiki a Kwalejin Fasaha ta Wudil a 1978. Shekara biyu kacal aka damƙa masa shugabancin makarantar jeka-ka-dawo ta Wudil, bai ma cika shekara ashirin da biyar sosai ba. Kada wannan ya ba ka mamaki. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, jiha tana ta buɗe sababbin sakandare, 'yan ƙasa masu digiri kuwa ba su taka kara sun karya ba, balle a lissafi. Ajujuwan kimiyya a lokacin Indiyawa ne da 'yan Pakistan da mutanen Gana suke riƙe da yawancinsu. Saurayi ɗan Kano mai digirin lissafi, mai natsuwa, da wuya ya daɗe yana riƙe alli kawai.

Daga Wudil aka kai shi Haɗeja, daga can Birnin Kudu, sai Gwammaja, sai Kwalejin Rumfa a 1988. Ka tuna a lokacin Haɗeja da Birnin Kudu duk ƙasar jihar Kano ce, sai a 1991 aka yanke Jigawa. Ya kuma shugabanci ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya, abin da ya sa sunansa ya fita wajen Kano tun yana firinsifal.

Wannan zangon na firinsifal shi ne mutane suke tsallakewa da sauri, alhali a ganina shi ne makarantar mulkinsa ta gaskiya. Shugaban makarantar kwana ƙaramin gwamna ne. Da asuba ɗan kwangilar abinci yana bakin ofis yana cewa ba a biya shi na wata uku ba, masu dafa abinci suna jiran a auna musu gero da wake, janareta ya ƙi tashi, yaro ya kwana da zazzaɓi a ɗakin kwana, malami ya zo da takardar neman canjin wurin aiki, ga uba ya taso daga ƙauye a kan an kori ɗansa. Kuɗin da ma'aikata take turowa ba ya isa, kuma ba ya zuwa a kan lokaci. Wanda ya yi shekara goma sha biyu yana wannan, ya koyi sauraro, ya koyi lallashi, ya koyi tsayawa gaban taro ya yi magana har a yi tsit. Ya kuma tara wani jari da bai san yana tarawa ba: dubban ɗalibai da suka bi ta hannunsa, waɗanda bayan shekara ashirin suka zama malamai, likitoci, akawuna da 'yan kasuwa a kowace ƙaramar hukuma, suna kiransa Malam da zuciya ɗaya.

A 1992 ya bar makaranta ya koma ɓangaren gudanarwa, mataimakin darakta mai kula da shiyyar ilimi ta Bichi. Shekara ta zagayo ya zama daraktan tsare-tsare da bincike da ƙididdiga a ma'aikatar ilimi, sannan a tsakiyar shekarun 1990 ya hau kujerar darakta janar na ma'aikatar. Nan mutane suke rikicewa, suna cewa ai darakta janar ya yi, ba babban sakatare ba. Abu ɗaya ne. Gyaran aikin gwamnati da Janar Babangida ya yi a 1988 shi ya soke muƙamin babban sakatare ya sa darakta janar a madadinsa, ya kuma mayar da ikon kuɗin ma'aikata hannun minista ko kwamishina. Kwamitin Allison Ayida na zamanin Janar Abacha ya ba da shawarar a koma tsarin da, aka koma. Saboda haka a takardun Shekarau za ka ga sunaye biyun. Bayan ilimi ya riƙe ma'aikatar ruwa, ya yi aiki a ofishin sakataren gwamnatin jiha, ya kuma zauna a hukumar kula da ma'aikata.

Me babban sakatare yake yi? Kwamishina ɗan siyasa ne, yau yana nan gobe babu shi. Babban sakatare shi ne mai riƙe da ma'aikata, shi ne kuma yake amsa tambaya idan kuɗi ya ɓata. A ce ana son gyara rufin wata makaranta. Takarda ta taso daga firinsifal, ta bi ta ofishin shiyya, a buɗe mata fayil a rajista, masinja ya ɗauka ya kai wa darakta, darakta ya rubuta ra'ayinsa a shafi na gaba ya sa hannu da kwanan wata. Kafin ta isa teburin kwamishina sai babban sakatare ya duba abu uku: akwai wannan aikin a kasafin kuɗin bana, an bi ƙa'idar ba da kwangila, kuma adadin ya fi ƙarfin sa hannun kwamishina har sai an kai majalisar zartarwa ko bai fi ba. Idan sai an kai, shi zai tsara takardar da za a karanta a gaban gwamna. Mutumin da ya shekara yana wannan ya san inda fayil yake kwana, ya san wanda yake zaune a kansa, ya san dabarar da ake yi a kumbura kuɗin aiki. Ya kuma saba da cewa kowace matsala maganinta a kafa mata doka, a ba ta ofis, a naɗa mata shugaba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya juya rayuwarsa ya faru a 2000, zamanin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na farko. Aka ɗauke shi daga kujerar babban sakatare aka tura shi Kwalejin Share Fagen Shiga Jami'a ta Kano, wadda aka fi sani da CAS, ya koyar da lissafi. A doka gwamna yana da wannan ikon, domin sashe na 208 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar naɗa manyan sakatarori da sauke su. Amma a idon ma'aikata wannan ƙasƙanci ne, kuma gari ya ɗauka cewa kusancinsa da masu fafutukar a ƙaddamar da Shari'a ne ya jawo masa. Lokacin Zamfara ta riga ta ƙaddamar tun Oktoban 1999, Kano tana tafasa, har gwamnati ta yi nata bikin a watan Yunin 2000. Shekarau bai yi hayaniya ba. Ya tafi ya shiga aji, ya yi kusan shekara ɗaya da rabi yana koyarwa, sannan ya ajiye aiki a Oktoban 2001. Ya ɗan yi aiki da Alhaji Aminu Ɗantata, daga nan ya faɗa siyasa. Wannan haƙurin ya saya masa tausayi da ƙima fiye da abin da kuɗin kamfe zai iya saya.

Ya fito takara a jam'iyyar ANPP ba shi da kuɗi, ba shi da tsohon gidan siyasa. Tikitin ma sai da aka yi ta ja-in-ja da Alhaji Ibrahim Al-Amin Little har gaban kotu. Abubuwa huɗu suka haɗu suka kai shi: guguwar Janar Buhari ta 2003, malaman addini da suke ganin gwamnati mai ci tana jan ƙafa a kan Shari'a, ma'aikata da 'yan fansho masu jin haushi, da tsofaffin ɗaliban nan da na faɗa maka. Ya kayar da gwamna mai ci, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu 2003 tare da mataimakinsa Injiniya Magaji Abdullahi.

Yanzu duba yadda ya yi mulki, za ka ga babban sakatare ne a kan kujerar gwamna. A shekararsa ta farko aka yi dokokin da suka kafa Hukumar Shari'a, Hukumar Zakka da Hubusi, da Hukumar Hisba. Kafin nan Hisba ƙungiyoyin sa-kai ne, kowa da tasa. Shi ya mayar da ita hukuma mai kaki da albashi da kwamanda. A 2004 aka ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu, Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero yana jagorantar majalisarsa. Babura masu ƙafa uku da gwamnati ta shigo da su a 2005 don ɗaukar mata, bayan an hana 'yan acaɓa ɗaukarsu, daga wannan shirin suka samo sunan da ake kiransu da shi har yau. An buɗe ofishin karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci a 2005, wanda doka ta mayar hukuma a 2008. An naɗa mai ba da shawara na musamman a kan makarantun allo da Islamiyya, alarammomi suka fara shiga gidan gwamnati ta ƙofar gaba. Sai dokar fansho ta 2006, wadda ta kafa asusun da ma'aikaci yake zuba wani kaso na albashinsa, gwamnati ta zuba nata, a riƙa biyan fansho da garatuti daga ciki.

Wannan dokar fanshon ita ce na fi yaba masa, kuma wanda bai taɓa zama a ma'aikata ba da wuya ya fara da ita. Sai wanda ya ga tsohon hedimasta zaune a kan benci a sakatariyar Audu Baƙo, da fayil a hammata, yana jiran akawun da ya haifa ya duba sunansa, shi ya san abin da rashin garatuti yake yi wa mutum. Ma'aikatan Kano na wancan lokaci suna tuna shekarun nan da albashi a kan kari, da ƙarin girma da aka daina riƙewa, da ɗaukar sababbin malamai da ma'aikatan asibiti. Gwamnatinsa tana kiran manufarta gina ɗan Adam, kuma a wannan ɓangaren ba magana ce ta fatar baki ba. A ɓangaren ayyuka ma akwai abin nunawa, musamman ruwa, ma'aikatar da ya taɓa riƙewa: sabuwar matatar Tamburawa mai lita miliyan 150 a rana, da ta Watari.

To amma inda ƙarfin yake, nan raunin yake. Kowace hukuma da aka kafa tana da shugaba, da mambobi, da motoci, da albashi. Masu ba da shawara da mataimaka na musamman suka yi yawa ƙwarai. Kuɗin da yake tafiya a albashi da hidimar yau da kullum ya danne na manyan ayyuka, a birnin da yake kumbura kullum. Manyan asibitoci biyu da ya fara, na Giginyu da na yara a titin gidan Zu, ya sauka bai gama su ba, sai a 2017 aka buɗe su zamanin Ganduje. Mutanen gari da yawa sun riƙa cewa shekara takwas ta wuce ba su ga birni ya canza kama ba, kuma wannan ƙorafin ya taimaka wa Kwankwaso ya dawo a 2011. Ma'aikaci yana auna nasara da cewa an bi ƙa'ida, an biya kowa haƙƙinsa. Mai jefa ƙuri'a yana son ya ga titi da gada da idonsa. Duka biyun suna da gaskiyarsu, gwamna kuwa dole ya riƙe duka.

Akwai wani al'amari da ba zan tsallake ba, wato rigakafin shan inna. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Tsoron mutane yana da tushe: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Gwamnatin Shekarau ce ma ta kai kamfanin kotu a 2007 har aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 a 2009, wannan kuwa abin yabo ne. Amma a kan shan inna, abin da ya yi shi ne ya dakatar da rigakafin, ya kafa kwamiti, aka yi ta gwaje-gwaje da tafiye-tafiye, har sai ƙarshen Yulin 2004 aka ci gaba da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Magoya bayansa suna cewa da an tilasta wa mutane a lokacin da ba su yarda ba, da abin ya fi haka lalacewa. Na fahimci wannan hujjar, amma ban gamsu da ita ba. Cuta ba ta jiran rahoton kwamiti. Yaran da suka kamu a Nijeriya suka yi ta ƙaruwa har suka haura dubu a 2006, ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. Akwai samari da 'yan mata yau a Kano da suke jan jiki saboda watannin nan. A wurin nan ana bukatar shugaban da zai tsaya ya gaya wa jama'arsa abin da ba sa son ji, da wuri, shi kuwa ya bi hanyar da ya saba, ta jiran takarda ta kammala zagayenta.

Haka nan hukumomin tarbiyyar sun jawo rigingimu. A 2006 gwamnatin tarayya ta haramta Hisba, ta kama kwamandanta Malam Yahaya Faruk Cheɗi da mataimakinsa, Kano ta garzaya kotu. Daga 2007 hukumar tace fina-finai ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo ta dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka ɗaure wasu 'yan fim, marubuta suka shiga takura, masu sana'ar da yawa suka koma Kaduna. Iyaye da yawa sun ji daɗin wannan. Ni ina ganin an wuce gona da iri, an kori sana'ar da take ciyar da dubban matasa maimakon a gyara ta.

Duk da haka a 2007 ya sake cin zaɓe, ya kayar da Ahmed Garba Bichi na PDP, ya zama gwamnan Kano na farko da aka zaɓa sau biyu a jere. Abubakar Rimi bai samu ba a 1983, na Kabiru Gaya soja suka katse a 1993, Kwankwaso ya faɗi a 2003. A garin da aka san shi da saurin juya wa masu mulki baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ƙuri'ar ma'aikata da iyalansu tana da kaso babba a ciki.

Sai tambayarka ta biyu. Ba shi kaɗai ba ne ya bi wannan hanyar. Alhaji Abubakar Tatari Ali babban sakatare ne a gwamnatin tarayya kafin ya zama gwamnan Bauchi a 1979. Malam Awwal Ibrahim ya riƙe irin wannan muƙamin a jihar Neja kafin ya mulke ta daga 1979 zuwa 1983, daga baya ya zama Sarkin Suleja. Dakta Mu'azu Babangida Aliyu daga kujerar babban sakatare a Abuja ya tafi gidan gwamnatin Minna a 2007. Abin da irin waɗannan suke shigowa da shi shi ne sanin injin gwamnati: ba a ruɗa su da takarda, ba sa ɓata shekarar farko suna koyon yadda ake fitar da kuɗi daga baitulmali, kuma sukan mutunta ma'aikata. Abin da aikin gwamnati ba ya koyarwa shi ne zaɓi. Babban sakatare yana jera wa kwamishina hanyoyi uku ne ya ce ga amfanin kowace. Wani ne yake zaɓa, wani ne yake ɗaukar zagi. Gwamna kuwa shi ne wanin. Ba ya kuma koyar da riƙon jam'iyya, wato raba muƙamai, rainon magaji, da zama da abokan tafiya idan buri ya yi karo. Saboda haka amsata ita ce gogewar tana rage ɓarna da kwamacala, amma ba ta isa ita kaɗai ta sa a ce wane ya fi wane iya mulki. In kuma kana tambaya ne don kai ma kana hango wannan hanyar, ka sani sashe na 182 na tsarin mulki ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓen gwamna.

A ɓangaren jam'iyya ne tafiyar Shekarau ta fi tangal-tangal. Ya raba gari da Buhari, wanda ya fice ya koma CPC a 2010. A 2011 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a ANPP tare da John Odigie-Oyegun. A muhawarar talabijin da ya yi da Buhari da Nuhu Ribadu jama'a da yawa sun ce shi ya fi kowa tsara zance, firinsifal ɗin nan ne ya fito, amma ya zo na huɗu da ƙuri'a ƙasa da miliyan ɗaya. A gida ma ɗan takararsa Malam Salihu Sagir Takai ya sha kaye. Yana cikin waɗanda suka haɗa APC a 2013, amma da Kwankwaso ya shigo jam'iyyar aka ba gwamna mai ci jagorancinta a Kano, sai ya koma PDP a farkon 2014. Shugaba Jonathan ya naɗa shi ministan ilimi a Yulin wannan shekarar, kuma cikin kwanaki malaman kwalejojin kimiyya da fasaha suka janye yajin aikin da suka shafe watanni suna yi. Zama da ƙungiyar ƙwadago a teburi aikinsa ne tun yana ma'aikata.

Ya dawo APC a 2018, ya ci kujerar sanatan Kano ta Tsakiya a 2019, ya saɓa da Gwamna Ganduje, ya shiga NNPP a Mayun 2022, ya fita zuwa PDP a Agustan shekarar. Da yake sunansa bai fita daga takardun hukumar zaɓe ba, a 2023 aka bayyana shi a matsayin wanda ya ci Kano ta Tsakiya a ƙarƙashin jam'iyyar da ya riga ya bari, sai Kotun Ƙoli ce ta tabbatar wa Rufa'i Sani Hanga kujerar. Yawan sauya sheƙar nan ya rage masa ƙima a wurin mutanen da suka bi shi tun 2003 saboda suna ganin shi ba ɗan siyasa irin na kullum ba ne, ko da yake har yanzu yana da jama'arsa a Kano, kuma yana riƙe da sarautar Sardaunan Kano da Sarki Ado Bayero ya naɗa shi.